Mutumin da ya ba ƙarfe kunnensa

A garin Sturgeon Bay, in ƙanƙara ta kulle tafki, jiragen dakon kaya suka kwanta jiran gyara, da sassafe za ka iske Duane Vandertie a cikin ɗayansu da kofinsa da gudumarsa. Ba ya fara walda sai ya ɗumama ƙarfen. In ya gama ya bi ɗinkin waldar da guduma tun da zafinsa, ya lulluɓe shi da bargo kamar jariri. Sannan ya zare toshin kunnensa, ya yi tsit.

Ƙarfe in ya sha wuta ya huce yakan takure, ya riƙe wani ja a cikinsa wanda ido ba ya gani. Wani sa'in sai ya tsage da 'yar ƙara, ƙas! Ita Duane ke jira, alhali injuna na ruri ta ko'ina.

"Kai tsoho, toshe kunnen nan!" in ji Arnie Jorgensen, abokin aikinsa. "Hira ƙarfen yake maka?"

"Ya dai fi ka abin faɗa."

Arnie na wurin ranar da Duane ya ɗaga hannu ya ce ya ji ƙarar. Shi kaɗai ya ji. Aka fafe ɗinkin, sai ga tsaga siririya kamar gashi, can ƙasa inda ruwa ke rufewa. Jirgin nan har yau yana kai da kawowa, matuƙansa na komawa ga iyalansu, ko sunansa ba su sani ba.

Likita ya gargaɗe shi, matarsa Lorraine ta yi faɗa har ta gaji. Kunnen yana ta tafiya a hankali, kaico.

Ranar da ya ajiye aiki, wani kyaftin ya busa masa ƙahon jirgi, gaisuwar girma. Tagogi suka girgiza, tsuntsaye suka watse. Duane yana can yana zuba miya a kwano, ko waiwayowa bai yi ba, sai da Lorraine ta dafa kafaɗarsa ta nuna masa jirgin.

"Ni aka busa wa?" ya tambaya. "Ya yi daɗi?"

Kai ne mai sauraron da babu mai maye gurbinsa, Duane. Ku masu tasowa, ku ɗauki haƙurinsa da riƙon amanarsa, amma don Allah ku toshe kunnuwanku.

Mun gode, dattijo. Rubutawa na yi, don in na faɗa ba za ka ji ba.