Motar Biredin Nababa

Nababa taubashina ne, mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙarata. Kuma ba sharri zan yi masa ba, don wanda ya san Nababa ya san labarinsa ba ya buƙatar ƙarin gishiri.

A Rijiyar Maje muke, can ƙasar Kunci, inda gona ke manne da gona, in ka yi tuntuɓe a taka sai ka faɗi a ta maƙwabcinka. Nababa manomi ne tun yana ɗan mitsitsi, bai taɓa wata sana'a ba. Gajere ne mai kaurin wuya, ga taurin kai kamar me. Da mahaifinsu ya rasu, gandu ya dawo hannunsa, shi da ƙaninsa Sabo. A garinmu yanzu da an yi sadakar arba'in ake kiran malamai a raba gona, kowa ya ja ɗan abin da bai fi tabarma ba. Nababa ya ce su kam ba za a raba ba: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, yadda suka tarar. Wannan ne kaɗai abin taƙamarsa a duniya, kuma in ya fara zancensa a majalisa sai ka nemi dalilin tashi.

Shi kuwa Sabo ƙafarsa ƙaiƙayi take. Yana saurayi ya ɗan zauna a kasuwar hatsi ta Dawanau, a can ya koyi tuƙi, tun daga nan fartanya ta fita daga ransa. Da shekarun nan na wahala suka shigo, takin zamani ya gagari talaka, samari suka dinga zarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan Legas, wancan Abuja. Sabo ma ya fara cewa zai je ya gwada sa'arsa. Nan tsoro ya kama Nababa. Ya san ranar da Sabo ya sa ƙafa ya fita, gandu ya mutu.

Sai ya yi wani tunani irin nasa. Tunda sitiyari yaron nan yake so, to a kawo masa sitiyari har gida. Zai sayi mota, Sabo ya riƙa kai taki gona, ya kwaso amfani da kaka, ya ja amalanken mutane da motocin da suka mutu a hanya, kuma kullum ya kwana a ɗakinsa. Abin saye kuwa ba shi da shi sai bijimai biyu na huɗa da gandu ke taƙama da su. Matarsa Hure ta yi magana, ta tuna masa cewa bijiman nan su ke huɗa, su ke ba da taki, ta tambaye shi ko motar ma tana kashi. Ya ce mata mata ba su san ci-gaba ba. Ranar kasuwa ya kaɗa su ya sayar.

Ni na raka shi unguwar Bacirawa a Kano, wani gidan biredi da tsadar fulawa ta rufe. Motar da suke rabon biredi da ita tana ajiye a bayan gida, ƙarama mai akwati a baya, da alama fara ce a zamaninta. Kai, na ga ikon Allah a ranar! Nababa bai san komai game da mota ba, sai ya duba ta yadda ake duba bijimi a kasuwar shanu. Ya zagaye ta, ya bubbuga kwiɓinta, ya durƙusa ya leƙa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka buɗe gaba ya daɗe yana kallon inji yana gyaɗa kai. Da dillali ya tayar da ita ta yi tari ta tofar da baƙin hayaƙi, sai ya juyo ya raɗa mini cewa tana da zuciya. Na ce masa tsohuwa ce dai mai asma. Bai kula ni ba, aka yi ciniki aka sallama.

Mati mai walda a Kunci shi ya yi mata aiki. Ya yanke akwatin ya sauke, ya shimfiɗa katako, ya kewaye da ƙarafa, ya ɗaura wata ƙatuwar ƙugiya a baya don ja. Akwatin Hure ta karɓe ta mai da shi ɗakin awaki, har yau ita nake gani ta fi kowa cin ribar cinikin. Fenti kuwa Nababa ya ce ɓarnar kuɗi ne, don haka hoton biredi mai yanka-yanka ya zauna daram a ƙofofin biyu. Duk ƙauyen da suka ratsa sai ka ga an fito ana ɗaga hannu a tsaya. Wata tsohuwa a hanyar Kunci ta tare su da kuɗinta a hannu, ta leƙa baya ta ga kashin shanu tuli, ta yi salati, ta rantse ita da biredi har abada.

Bazarar nan dai Nababa ya sha daɗi, ba zan rage masa ba. Gonaki fayau, babu shuka, mota na ratsa ta kowa ba mai cewa kanzil. Takin da jaki zai yi mako yana jigila, Sabo kan zube shi kafin azahar. Mutane suka fara layi a ƙofar gidansu. Zancen Legas ya mutu murus. Nababa kan zauna a gaba kusa da direba, gwiwar hannu a kan taga, yana gaisawa har da waɗanda suke gaba da shi. Ya yi ƙiba a wata biyu, ni shaida ne.

Sai ruwa ya sauka, aka yi shuka. A nan ne muka tuna, mu duka har da ni mai baki, cewa hanyoyin gonakinmu na jaki ne, faɗinsu bai wuce mutum da mangala ba. Dama da hauni gero ne ya tsiro, kuma a shekarar da ake auna hatsi da addu'a, wa zai bari taya ta taka masa shuka? Ko limamin gari sai da ya fito da sanda. Nababa ya ce a bi ta burtali, hanyar shanun Fulani. Aka bi, mota ta nutse a jiƙaƙƙen yashi har ciki. Motar da aka saya don ta ja wasu, bijimaina ne suka jawo ta, rabin gari na kallo. Ban karɓi ko sisi ba. Na dai roƙe shi ya bar ni in riƙa ba da labarin, ya ce in je in yi ta yi, bakina ne zai gaji.

Ana cikin haka aka cire tallafin mai, fetur ya tashi ya bar mu a ƙasa. Mota ta koma gindin darbejiya ta zauna, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ga lokacin huɗa ya zo, gandu ba bijimai. Nababa, mutumin da ake aron garma a wurinsa, shi ne yake jira in gama tawa in ba shi aron nawa. Hure kuwa duk sanda ya shigo gida takan tashi ta share wurin da ake ɗaure shanun, a hankali, tana 'yar waƙarta.

Sabo ne ya kawo shawara. Ya ce a Dawanau akwai aiki, ɗaukar buhuna daga sito zuwa sito, ga motocin da ke mutuwa a kan titi suna neman mai ja. Can kwalta ce, ba shukar kowa. Nababa bai so ba, amma rumbu ya yi ƙasa, ga yara. Ya yarda, da sharaɗin a riƙa kwana a gida.

Da farko hakan aka yi. Daga baya man zuwa da dawowa ya fi ƙarfin abin da ake samu, Sabo ya koma zuwa ranar Juma'a kawai. Kada a ce yaron banza ne, a'a. Duk zuwa da masara yake zuwa, da ɗan cefane. A damunar nan da gidaje da yawa suka koma cin abinci sau ɗaya a wuni, gidan Nababa bai taɓa kwana da tukunya a kife ba, kuma albarkacin tsohuwar nan mai asma ne. Dabarar taubashina ta ci, sai dai ba ta inda ya nufa ba. Bayan kaka Sabo ya kama ɗaki a Bacirawa, ya ce zai ɗauki matarsa Sakinatu da yara.

Da hantsi aka yi lodi, na je taya su. Gado, katifa, kwanuka, turmi, duk aka jibga a inda ake zuba taki. Nababa da kansa ya ɗaure igiya, yana ja yana sake ja, abin da ya riga ya ɗauru. Da aka gama Sabo ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, ba raba gona na ce a yi ba. Rabona ma na bar maka, ka noma duka."

Nababa ya dube shi. "Da gona nake so, Sabo, ai da ban sayar da shanu ba."

Sabo ya sunkuyar da kai, ya tashi ya shiga mota. Ya murɗa makulli, ta yi ƙyas, ta yi shiru. Ya sake, shiru. Batir ya mutu cikin dare, sai an tura. Wallahi na ga fuskar Nababa ta yi haske, kamar wanda aka ce masa an ɗaga tafiyar. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, tunda aikina ke nan tun muna yara, sai na fasa. Tausayinsa ne ya kama ni.

Sai Nababa ya naɗe hannun riga, ya zagaya baya, ya kafa kafaɗa a jikin ƙarfen.

"Zo mu tura mana, kai kuma ka tsaya kana kallona," in ji shi.

Muka tura. Ta yi tari, ta kama, ta zare daga hannunmu, har Nababa ya kusa faɗuwa ta fuska. Yaran Sabo suna ɗaga mana hannu daga kan katifa. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana haki har suka sha kwana, bai ɗaga nasa hannun ba. Daga nan ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko baɗi zan iya fara yi masa huɗa kafin tawa, tunda yanzu shi kaɗai ne.