Tsohuwar salulata ta kawo ɓarayi, ni kuwa na karya makiyayi

Ni ɗan kasuwar shanu ne daga yankin Geceme. A lokacin da abin ya faru ina da bajimai a garke bayan gari, ina turka su, in sun yi ƙiba in kai Dogon Dutsi in sayar. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko sunana ba na iya rubutawa. Wannan ma maƙwabcina ne ke rubuta mini, na ce masa kada ya rage mini laifi. Da ƙuruciya na yi kokawa, ko bayan na bari hannuna yakan riga bakina. Mutum biyu nake aiki da su: ƙanena, da wani dattijo Bafulatani da ke kiwon dabbobin gidanmu tun ina yawo ba wando. Baffa nake ce masa. Shi kuwa har na fara furfura bai daina ce mini yaro ba.

Da satar shanu ta yi yawa, na sayi kamara mai aiki da hasken rana. Mai haɗawa ya ɗaure ta a kan turken ƙarfe kusa da rumfar da muke zama, ya sa mini ita cikin salula. Ina Dutsi ina ganin garkena, ina jin kukan shanu, har tarin Baffa ina ji. Baffa ya yi dariya, ya ce yaro ya samo doguwa mai ido ɗaya ta yi masa gadi, a tambaye ta ko tana shan nono ya tatsa mata. Mai haɗawar ya ce in sake kod ɗin da ta zo da shi, wato lambar sirrinta, kuma duk ranar da zan rabu da salular in zo ya cire mini kamarar daga ciki. Na ce to. Ban koma ba.

Bayan sallar layya gilashin salular ya tsage, na je layin masu salula a kasuwa na yi musaya. Na cire pis ɗina, wato ɗan katin layin waya, na cire katin waƙoƙi, na miƙa. A ganina na zazzage ta kamar buhun dusa, babu abin da ya saura a ciki. Aka sa mini kamarar cikin sabuwar da kod ɗin nan dai na jikin kwali, na dawo gida.

Wata bai cika ba ɓarayi suka zo. Ranar kasuwa ce, da rana tsaka, ina Dutsi. Babura uku suka tare Baffa a bakin tafki, suka ɗaure shi da rawaninsa a inuwar bishiya, suka kora bajimai mafi kyau. Ba su yi lalube ba, sun san waɗanda suke so. Mutane suka fara magana a fada, wurin da maza ke zaman hira. Wani ya ce tun da yake bai taɓa jin ɓarawon da ya ɗaure makiyayi a inuwa ba. Maganar ta zauna mini.

Sai na yi dabara. Na kira Baffa da ƙanena ƙarƙashin rumfar, mu uku kawai, na ce ranar kasuwa mai zuwa kada a je tafki, a bi ta kwari zuwa tsohuwar rijiya, ƙanena ya raka su da bindigar farauta. Ko matata ban gaya wa ba. A kwarin suka jira su. Ƙanena bai samu ya ɗaga bindigar ba, suka harbe shi a ƙirji, suka sare shi a wuya. Baffa suka buga masa gindin bindiga a goshi, suka bar shi. Shi ya ɗauko gawar a kafaɗa har gari, rigarsa jiƙe da jini.

Da muka dawo daga maƙabarta ban shiga gida ba. Na je na kamo Baffa a wuyan riga, na ja shi a ƙasa har garke, na ɗaure shi a turken kamarar da igiyar shanu. Na ce mu uku muka yi maganar, ɗaya yana cikin rami, ɗaya ni ne, ya faɗa mini na ukun. Ya ce yaro ka ji tsoron Allah, a kawo Alƙur'ani ya dafa. Na ce munafukin tsoho, da wane hannun. Na ɗauki taɓarya na sauke a hannunsa na dama. Na ji ƙarar ƙashin. Na sake, na sake. Matarsa ta faɗo a kansa tana kururuwa, na janye ta na jefar. Wani ustazu mai shago ya riƙe ni, yana cewa Alhaji haram ne, babu shaida, na buge masa baki har haƙori ya fita. Sai da maza biyar suka danne ni. Baffa bai yi ihu ba ko sau ɗaya. Da aka kwance shi, ya ce kawai a ba shanun da suka rage ruwa, tun safe ba su sha ba.

An kai shi likita. Ya rayu, amma hannun ya mutu. Da ya fito ya kwashe iyalinsa suka yi wajen Dogon Kiriya. Na ce wa mutane gudun mai laifi ne.

Bayan girbin hatsi jandarmomi suka aiko a kira ni. Sun kama wani mutum da babur ɗin sata da salula da yawa. Shugabansu ya ajiye ɗaya gabana, mai tsagaggen gilashi. Ya latsa, sai ga garkena, ga rumfa, ga akuyar matata tana cin igiya, a lokacin nan da muke zaune. Mutumin da aka kama ya ce wanda ya sayi salular ne ya ga shanu a ciki, ya kai wa ɓarayin. Duk abin da na faɗa a rumfar sun ji da kunnensu. Ya ce ranar da na daki tsohon ma suna kallo a daji, suna shan shayi, ɗayansu har yana cewa kai, wannan ya fi mu. Na tashi zan shaƙe shi, sai na koma na zauna.

Na nemi Baffa kwana uku kafin in same shi a wata ruga. Na durƙusa, na faɗi komai. Ya saurara har na gama. Jandarmomi sun riga sun ce masa ya kai ƙara, ya ƙi. Ya ce ya yafe don kada mu sake haɗuwa gaban Allah, amma a duniya ma kada in sake zuwa. Bai ce mini yaro ba. Sai dai ya ce mini Alhaji.

Abin da na koya kaɗan ne. Idan ka sa kamara, ka sake kod ɗinta ran nan, in ba ka iya karatu ba ka tsaya a kan wanda ya iya har ya yi. Ka sa a duba maka salula nawa ke kallonta. Kada ka sayar ko ka musanya salula sai an goge ta gabanka, cire pis ba ya fitar da komai. Kada ka yi maganar sirri kusa da ita, tana da kunne. Kuma in fushi ya nuna maka mutum ya ce shi ne, ka jira. Ɓarayi sun kashe mini ƙane, wannan su za su amsa. Hannun tsohon nan kuwa babu ɓarawon da ya taɓa shi. Ni ne.