Ranar da Kwamfuta Ta Ƙaryata Ni

Shekara goma sha ɗaya na yi ina auna ruwan sama a wata gonar bincike a Samaru kafin hannuna ya taɓa kwamfuta. Kullum da safe in hau bas daga Sabon Gari, in buɗe ma'auni, in juye abin da ya taru cikin kwalbar awo, in rubuta a littafi. Ban taɓa rubuta abin da idona bai gani ba.

Sai aka turo mana masu horarwa daga ƙasar waje, su koya mana manhajar adana bayanan yanayi. Gaskiya abin ya burge ni. Lissafin da ke cin mini kwana uku, kafin ka ce kwabo ta gama. Baturiyar da ke koya mana kuma ba ta da girman kai, har "sannu da aiki" ta iya.

A rana ta huɗu muka fara shigar da bayanan da aka kwafo daga tsofaffin littattafanmu. Ina cikin bugawa sai layi ɗaya ya koma ja, na wata rana a watan Agusta. Baturiya ta leƙo, ta ce manhajar ta ga adadin ya yi yawa, ƙila mai rubutu ya ajiye ɗigo ba a wurinsa ba, a goge a bar gurbin. Mai rubutun kuwa ni ce.

Ogana ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Haba Madam, goge mana. Kar ki ba mu kunya gaban baƙi."

"Yallaɓai, ba zan goge ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar nan ta watan Agusta ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Kwalbatin unguwarmu ya kasa ɗauka, ruwa ya shigo mana har ɗaki, bangon maƙwabciyata ya zube. Washegari na kama bakin zani na ratsa taɓo har unguwar PZ kafin in samu mota, don kawai in auna. Sai da na yi ta cika kwalba ina juyewa. Kuma na san masu gina kwalbati wurinmu suke zuwa tambayar ruwa mafi yawa da aka taɓa yi. In na goge, ƙaramin za su sake gina mana.

Oga ya ce taurin kaina ne ya hana ni ƙarin girma. Na ce na ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Na tashi na ɗauko littafin daga sito, na buɗe shi a kan tebur. Shafin ya yamutse, tawada ta ɗan zube, don da jiƙaƙƙen hannu na rubuta. Baturiya ta daɗe tana dubawa. Ta tambaye ni ko na tabbata.

"Na tabbata. A cikin ruwan nan na tsamo katifata."

Sai ta nuna mini wani ɗan akwati a gefen layin, inda mai awo ke shaida cewa shi ya gani. Ashe akwai shi tun farko. Na danna da kaina, oga yana kallon silin.

Layin bai daina ja ba, amma adadin yana nan yadda na rubuta shi.