Ranar Da Na Yi Su Da Gidan Sauron Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina aiki a Kano, ba ni da hira sai ta kifin Haɗeja. Na cika wa abokina kunne da cewa a garinmu tarwaɗa ɗaya ta kai cinyar ƙato. Da ya gaji ya ce zai bi ni gida ya gani.

Muka zo bayan damina. Na ari kwalekwalen kawuna, wanda masunci ne tun kafin a haife ni, na ɗauki ragarsa ta birgi kamar na iya jefawa. Tun hantsi har azahar, karfasa uku muka kama, kowacce ba ta fi tafin hannu ba.

Abokina ya dube su ya ce, "Wace ce cinyar a ciki?"

Kunya ta sa na koma gida na kwance gidan sauron mahaifiyata. Muka ja shi a bakin gaɓa, nan da nan bokiti ya cika da 'ya'yan kifi. Ina cikin murna kawu ya iso. Ya leƙa bokitin, sannan ya dube ni.

"Kai ma ka shiga sahun masu su da gidan sauro ke nan?"

Na ce, "Kawu, ai kifi kifi ne."

"Waɗannan su ne na baɗi. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliyar da kifi ke bi ya yi ƙwai a fadama ta ragu, ɗan abin da ya tsira kuma ku tace shi da gidan sauro. Mayar da su."

Na tuttule bokitin a ruwa, abokina yana dariya har da riƙe ciki. A gida kuma mahaifiyata ta amshi gidan sauronta yana ƙarni, ta ce, "Na gode, yanzu ko sauron ma ba zai kusance ni ba." Miyar kuka muka ci ranar, da karfasa uku a tsakanin mutum bakwai.

Tun daga nan ba na sayen ƙananan kifi, kome arharsu. Kawu da abokan sana'arsa ma sun fara barin wani tafki ya huta lokacin ƙwai.

Kwanan baya 'yata ta tambaye ni ko kifin nan giwan ruwa yana da haure. Na yi dariya sosai, sannan na tuna ni kaina rabona da ganinsa a kasuwarmu na manta. Na ce mata, "In Allah ya yarda, da idonki za ki duba."