Takalmin da Ovila Ya Tsaga

A Port-Lazare, idan ka ce wa mutum ya lissafa maka gwanayen hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, da ƙungiyar 'Yan Katako ta taɓa yi, zai ajiye cokali ya gyara zama har miyarsa ta huce. Amma tambaye shi wanda ya yi shekara hamsin da biyu yana wasa musu kaifin ƙarfen da ke ƙasan takalmin sulɓi a kan ƙanƙara, sai ka ga yana sosa ƙeya. Ovila Gendreau ke nan. Gajere ne, ga kunnuwa kamar hannayen tukunya, na hagun kuwa ya daɗe da yin ritaya saboda ƙarar injin washi. Matarsa Pierrette takan ce da gangan ya zaɓi kunnen da ke ɓangarenta.

Shi ma ya so ya yi wasan. Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka gwada shi sau ɗaya. Koci ya kalli yadda yake zubewa ya ce in dai goge ƙanƙara da gindin wando ake so, to an samu ma'aikaci. Daga nan aka tura shi wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, inda babu taga, sai warin gumi da tartsatsin ƙarfe. A nan ya tsufa. Ba da fuska yake gane 'yan wasa ba, da takalmi ne. Wannan yana son kaifi mai cizon ƙanƙara don ya juya da sauri, wancan yana son ƙarfen ya kusa shafewa don ya yi gudu. Da farcen babban yatsa yake gwada kaifin, shi ya sa farcen nan bai taɓa girma ba tun kafin a haifi 'yarsa ta fari.

Da ƙungiyar ta cika shekara saba'in da biyar, sai aka yanke shawarar rataye rigunan mutum biyar a ƙarafan rufin filin wasa. Wanda aka rataye rigarsa, ba mai sake sa lambarsa har abada. Huɗu ba su ja gardama ba, balle Gaétan Boisjoli mai cin raga ɗari huɗu da goma sha biyu, wanda har yau yakan faɗi adadin ko ba a tambaye shi ba. Gurbi na biyar ne ya raba gari. Wasu na son Yvan Charest, kyakkyawan nan da ya koma sharhi a talabijin da haƙoransa cif, abin kunya ga ɗan hoki, wasan da ke zubar da haƙora. Kaɗan ne ke ambaton Fernand Lacasse.

Fernand ɗan baya ne. Shekara goma sha huɗu ya yi yana jefa jikinsa a gaban faifan roba mai tauri kamar dutse, wanda ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo, don kada ya kai ga gola. Sau goma sha tara kacal ya ci raga a rayuwarsa. Abin da gari ya riƙe masa kuwa shi ne wasan ƙarshe na shekarar da aka ci kofi, kofi ɗaya tilo da muke da shi. Ranar ya yi ta jan ƙafa kamar tsohuwar saniya, aka wuce shi aka ci sau biyu, mutanen gida suka yi masa ihu. An dai yi nasara da kyar, shi kuma ya ajiye wasa a bazarar. Yanzu yana gidan tsofaffi da huhu mai ciwo, likita ya ce da wuya ya ga wani hunturun.

Ovila kaɗai ya san abin da ya faru. Kwana biyu kafin wasan, faifai ya karya wa Fernand ƙasusuwa biyu a ƙafar dama. A lokacin neman kofi ba a faɗin rauni, don abokan hamayya nan za su yi ta sara da sanda. Bayan an gama kuma ba a faɗi, wai namiji ba ya kawo uzuri. Maza da dokokinsu. Ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, Ovila ya sa wuƙa ya tsaga fatar daga idon sawu zuwa yatsu, ya ɗaure da igiya ya lulluɓe da baƙin tef. Fernand ya sa shi rantsuwa da kabarin uwarsa cewa ba zai taɓa faɗa ba, ko ga koci. Shekara arba'in da ɗaya ke nan.

An ba Ovila kujera a kwamitin zaɓe, don a ce an girmama tsofaffi. Ana jibi taro ya saka hularsa ya tafi gidan tsofaffi, ya tarar da Fernand a bakin taga da robar iska a hanci.

"Ga sarkin maƙera," in ji Fernand. "Wa ya mutu?"

"Kai ake jira. Na zo ne ka warware mini rantsuwar nan."

"Wace rantsuwa?"

"Kada ka yi mini wasan tsufa, goɗai-goɗai da kai. Ta ƙafa."

Fernand ya juya ga taga. "Ƙafata lafiyarta ƙalau. Wasa ne ban yi da kyau ba."

"Za su ba Yvan, Fernand. Yvan da ko ƙwarzane bai taɓa yi ba."

"Su ba shi mana. Rigarsa za ta fi kyau a sama, ba ta taɓa yin datti ba." Ya yi tari mai tsawo. "In ka buɗe bakin nan, Ovila, ko gawata kada ka zo gani."

Ovila ya koma gida ya kasa cin miyar wake. Pierrette ta zagayo ta kunnen dama, don maganar mai muhimmanci ce.

"Me ke cinka?"

"Wani abu ne da na rantse ba zan faɗa ba."

"Na ƙafar Fernand?"

Ya saki cokali.

"Haba, maigida. Shekara arba'in takalmi ɗaya, tsagagge, yana ɓoye a bayan barguna, ka ɗauka ni ban taɓa share kabad ɗin ba? Da kabarin uwarka ka rantse, ko? Na san surukata. Da tana raye da tuni ta shelanta a ƙofar coci."

An yi taron da hantsi a ofishin ƙungiya, mutum tara kewaye da tebur, har da Gaétan. Saurayin da ke riƙe da alƙaluma ya haska bango da jadawali, ya nuna cewa Yvan ya ninka Fernand sau goma a cin raga. Ana shirin ɗaga hannu sai Ovila ya ɗora jakar leda a kan tebur.

"Baba Ovila, in abinci ne a bari sai an gama," in ji shugaban.

Ovila ya zaro takalmin. Tef ɗin ya bushe ya zama kamar ɓawon itace. Ya ɓare shi a hankali, tsagar ta buɗe baki, har yanzu da baƙin tabo a ciki. Bai iya jawabi ba, don haka ya faɗa kamar mai karanta takardar magani: ranar kaza, ƙashi biyu, minti ashirin da shida a kan ƙanƙara, faifai bakwai ya tare, uku daga ciki da wannan ƙafar.

"Na rantse ba zan faɗa ba," ya ce. "Ga shi na faɗa. Ku ƙara wannan a jadawalinku."

Gaétan Boisjoli ya jawo takalmin, ya zura hannu ta tsagar har yatsunsa suka leƙo. Ya daɗe yana kallo.

"Ni na zage shi a hutun wasan," ya ce. "A gaban kowa. Na ce masa ko maye ya yi." Ya ajiye takalmin a hankali. "Bai ce mini komai ba, ɗan banzan."

Wannan ne karo na farko da aka ga Gaétan ya yi magana har ya gama bai ambaci ɗari huɗu da goma sha biyu ba. Takwas suka ɗaga wa Fernand hannu. Na taran surukin Yvan ne, kuma kowa ya yi masa uzuri, shi ma yana da gidan da zai koma.

Labari ya zaga gari kafin la'asar. Fernand ya aiko wa Ovila saƙo ta bakin ma'aikaciyar jinya, saƙon da ita kanta ta ce ba za ta iya maimaita rabinsa ba. Sati uku ya hana a bar shi ya shigo. Ovila yakan je duk da haka, ya zauna a benci a waje na rabin awa, ya tashi ya koma.

Ranar Lahadin bikin, da rana, filin ya cika har matakala. Aka shimfiɗa jan kafet a kan ƙanƙara. Ovila na tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa da kwat ɗin da ya sa a auren 'yarsa, ba wanda ya gayyace shi tsakiya. Aka turo Fernand a keken marasa lafiya. Da suka iso bakin kafet sai ya sa hannu ya riƙe taya.

"Ba za a tura ni kamar buhun dankali ba," ya ce wa mai jinyar. Ya waiwaya. "Kai, mai dogon baki. Zo nan."

Ovila ya zo.

"Abu ɗaya ne mai kyau a jikinka duk tsawon shekarun nan, shirunka. Shi ma ka lalata."

"Na lalata."

"Ban yafe ba."

"Ban roƙa ba."

"To miƙo kafaɗar. Amfanin gajere ke nan."

Suka taka kafet ɗin a hankali, dogo yana dafe da gajere. Mutum dubu huɗu suka miƙe tsaye, ciki har da tsofaffin da suka yi masa ihu a wancan wasan, kuma su ne suka fi kowa tafi. Rigar Fernand mai lamba uku ta fara hawa sama. Fernand ya ɗaga kai yana binta da ido, yatsunsa sun nutse a kafaɗar Ovila. Ya sunkuyo ya faɗa masa wata magana a kunne, amma ta hagu ya faɗa, Ovila bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya dai gyaɗa kai, ya ƙara tokare shi har rigar ta isa.