Kaset ɗin Bashir

A duk shekarun da na yi ina gyaran kayan lantarki a Jidda, ranar da ta ƙi fita a raina ita ce wata Alhamis da na kusa shafe abin da ba ni da ikon mayarwa. Ku da kuka shigo sana'ar yanzu ku saurara, don ba rashin sani ne ya so ya kai ni ƙasa ba, iyayi ne.

Lokacin na bar shagon da na tsufa a cikinsa, na dawo ina aiki a gida a unguwar Nuzla, a kan wani tebur da ke bakin taga. Yawancin abin da ake kawo mini tsofaffin na'urorin wasa ne masu cin kaset. Mutane kan tsinto su a kasuwar gwanjo da ake kira haraj, in tashe su, in kuma sa musu mafitar da za ta shiga talabijin na zamani.

Ranar Talata wani direba mai suna Usman, haifaffen unguwar Hindawiyya, ya kawo tasa. Motarsa ta tare lungu, ana ta danna masa hon, don haka daga bakin ƙofa ya miƙo mini leda.

"Ya Ammu, a haraj na saye ta, ba ta kawo hoto. Ka tashe ta, ka haɗa ta da talabijin. Kaset na nan ciki. Yalla, sai Juma'a."

Aikin bai ba ni wuya ba. Iskar tekun Jidda ta ci cikinta da tsatsa, ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta sun kumbura. Na canza su, na goge tsatsar, na huda bayanta na sa sabuwar mafita. Na gwada da kaset ɗina, hoto ya fito tas.

Ranar Alhamis bayan La'asar na buɗe kaset ɗin Usman don in goge haƙoransa na ƙarfe. A cikin irin wannan kaset akwai batir kamar kwabo, mai ƙafa biyu da aka liƙe da dalma. Shi ke riƙe sunan mai wasa da inda ya tsaya. Da zarar wutarsa ta yanke, komai ya tafi, ba mai dawo da shi. Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da nake taƙama da ita: ba na mayar wa mutum kaya da tsohon batir. Kyauta nake canzawa, ba na ko tambaya, don a je ana cewa Malam Idi ya iya aiki. Kaset na gwanjo, wa ya damu da wasan da baƙo ya bari a ciki?

Na narka dalmar ƙafa ɗaya na zuƙe ta. Na sa hantsaki na kama ƙafar zan ɗaga, sai ga matata Hajiya Rabi da wayata a hannu.

"Malam, wayar nan ta ishe ni da kuka. Saƙon murya ne."

Na ce ta kunna, hannuna ba sarari. Muryar Usman ce.

"Ammu, ma'alesh, na manta ban faɗa maka ba. Kaset ɗin ba na haraj ba ne, na marigayi ƙanena Bashir ne, Allah yarhamu. Wasansa na ciki da sunansa. Saboda shi na sayi na'urar, 'yarsa nake so in nuna wa. Billahi kada ka taɓa cikinsa."

Ƙafar batir ba dalma, hantsakina kaɗai ke danne da ita, kuma ban san ko ta riga ta ɗaga ba. Don in liƙe ta ina buƙatar hannu biyu, ga shi ɗaya a ɗaure.

"Hajiya, ajiye wayar. Zo ki ɗora yatsanki a kan nawa, ki danne ƙarfen nan. Ko numfashi mai ƙarfi kada ki yi."

"Shekara talatin kana hana ni taɓa kayan aikinka," in ji ta, "yau kuma ni ce injiniya?"

Amma ta danne, hannunta ya fi nawa natsuwa. Na zare yatsuna a hankali, na mayar da dalmar. Da na auna batir ɗin da mita, sai na ga saura ƙiris ya mutu da kansa. Don haka na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na jona wani batir a gefe da wayoyi biyu ya riƙe wutar, sannan na cire tsohon na liƙa sabo.

Na gama, na kasa kunnawa. Ina zaune ina kallon kaset kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"Kunna mana," in ji Hajiya. "In ya tafi ai gara ka sani kafin yaron mutane ya zo."

Na sa kaset ɗin a na'urar, na yi bisimilla na danna. Layi uku suka fito, biyu babu komai, na ukun an rubuta BASHIR. Ban san lokacin da na sauko daga kujera na yi sujada ba.

Bayan sallar Juma'a Usman ya zo da yarinyar, Maryam, 'yar shekara tara. Kafin in kunna na faɗa masa gaskiyar abin da na yi, ban rage komai ba. Ya ce, "Halas, Ammu. Tunda yana nan."

Maryam tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa. Ta matso ta ɗora yatsa a kan sunan ta ce, "Baba ne ya rubuta?" Usman ya gyaɗa kai, ya juya yana duba taga.

Tun daga ranar na daina kyautar da ba a roƙe ni ba. Mita na iya gaya maka wutar da ta rage a batir, amma ba ta san abin da batir ɗin yake riƙe wa mai shi ba. Kafin ku kwance noti ko ɗaya, ku tambayi mai kaya: na wane ne, kuma me ke ciki da ba za ka iya jure rasa shi ba?