Zoben Faranti na Tara

"Sunana ne zai hau sama, ni na samo ganyen!"

"Ranka ya daɗe, ko akuya ma ai tana samo ganye. Wa ya jiƙa shi? Wa ya tace?"

Gwaggo tana jiyo su ta bango, Farfesa da mataimakinsa Dakta, hannunta cikin ruwan sabulu tana wanke kwalabe. Ba ta ɗaga kai ba. Bayanta ya riƙe tun hantsi.

Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan ɗakin gwaji, har ɗalibai suka manta sunanta, sai dai Gwaggo. Aikin bai taɓa canzawa ba. Ta shuka ƙwayoyin cuta a faranti, ta ɗiga ruwan ganye ko na sassaƙe a kan 'yar takarda, ta ajiye a tsakiya, washegari ta zo da rula. In ganyen na kashe cuta, sai a ga zobe fes kewaye da takardar. Galibi ba a ganin komai. Ta rubuta sifili, ta wanke faranti, a kawo wani ganyen.

Sai ga faranti na tara, da zobe kamar murfin kwalba. Farfesa har da rawa. Ya ce wannan karon za a buga sakamakon, kuma sunanta zai shiga, a can ƙarshe dai, amma zai shiga. Ba a taɓa yi mata haka ba.

Ita kuwa tun da ta buɗe farantin hancinta ya gaya mata. Da sifirit ake jiƙa ganye, kuma sai ya bushe ƙarau kafin a gwada, don shi ma yana kashe ƙwayoyin cuta. Dakta ya yi gaggawa. Ta ɗiga sifirit zalla a wani farantin, ba ko ɗigon ganye. Washegari zoben ya fito, iri ɗaya sak.

Kwana huɗu farantin sifirit ɗin nan yana ɓoye a bayan firij. Tana gaya wa kanta wai tausayin Dakta take ji. Ƙarya ne, ta sani. Sunan take so. Sannan ganyen nan mai ɗaci shi mahaifiyarta ke dakawa ta ɗaura mata a ƙafa tana yarinya, kuma har yau so take a ce tsohuwar ta yi gaskiya.

"To a sa sunan Gwaggo a sama mana, kowa ya huta!" in ji Dakta, suka kwashe da dariya.

Ta tsaya cak. Ta goge hannu a jikin farar rigarta, ta ciro farantin, ta taka a hankali saboda gwiwa. Ba ta shiga ba, a bakin ƙofa ta tsaya ta miƙa musu.

"Ranka ya daɗe, ku daina wahalar da maƙogwaro. Ga mai aikin nan, sifirit ne. In za a sa suna, nasa za a sa. Akwai wani ganyen, ko in tashi?"